Ku Tambayi Anti: Na haihu wata uku, har yau fayil ɗina yana yawo a ofis

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan fili. Satin nan saƙonnin da suka shigo kusan duk kan magana ɗaya suke, wato hutun haihuwa da kuɗin da ke biye da shi, da irin zirga-zirgar da ake sa mace tana yi da tsohon ciki ko da ɗanyen jego kafin ta karɓi abin da yake haƙƙinta ne. Na zaɓo guda biyar. Da yake masu karanta mu suna ƙasashe daban-daban, zan riƙa kawo misalin dokar nan da ta can, kowa ta ɗauki wanda ya shafe ta.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Dan Allah ki taimaka min da shawara don wallahi na kusa fashewa. Ni ma'aikaciya ce shekarata huɗu ina aiki kuma duk wata ana cirar wani abu a albashina, na cike fom ɗin kuɗin haihuwa tun ina wata takwas na haɗa da takardar likita na kai da hannuna, yau yarona wata uku cif ko sisi ban gani ba. In naje wajen aikinmu suce ai sun tura, in naje hukumar da ke biyan kuɗin suce su basu ga komai ba, ran nan ma wani ya ce min wai fayil ɗin ne ya ɓata in sake sabo, ga shi tiyata aka yi min hawa benen nan kaɗai azaba ne, kuma duk zuwa sai na goyo yaro na bi layi tun safe a ƙarshe ace oga ya shiga mitin a dawo gobe. Maigidana yace in haƙura in bar musu. In bari ne Anti? Daga wata mai jego.

AMSA: Ƙanwata sannu, Allah ya raya mana yaro ya ƙara miki lafiya. Kar ki bari. Maigida tausayinki yake ji kuma na fahimce shi, amma kuɗin nan ba sadaka ba ce ba kuma alfarma ba, ke da bakinki kin ce wata-wata ake cira a albashinki, to guminki ne aka ajiye miki don irin wannan rana.

Abin ma ba yau aka fara shi ba. Tun 1919, shekarar da aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya wato ILO, cikin yarjejeniyoyin farko da ta fitar akwai ta kare mai ciki da mai jego, sati 6 kafin haihuwa sati 6 bayanta. Aka sake gyara ta a 1952, sannan a 2000 aka fitar da mai lamba 183 wadda ta ce hutun kar ya gaza sati 14, kuma kuɗin da za a riƙa ba mace kar ya gaza kashi 2 cikin 3 na abin da take ɗauka. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu a kanta ba, amma ita ce ma'aunin da ake auna kowa da shi. Na kawo miki wannan ne don ranar da za ki koma ofishin nan ki shiga da kanki a sama, ba kina raɓe-raɓe kamar wadda ta zo roƙo ba.

Yanzu ga inda matsalarki take. Kin kai takarda da hannunki, amma ba ki ce min an buga miki hatimi a kan kwafinki ba, kuma ina kyautata zaton ba a buga ba. Ofis ba ya jin maganar baki ƙanwata, takarda kawai yake ji. "Na kawo" da "mun tura" da "ba mu gani ba" duk iska ce muddin babu kwanan wata da sa hannu da lamba. Ni kaina na sha wannan a haihuwata ta biyu, sati bakwai fayil ɗina yana kwance a kan teburin mutum ɗaya saboda sa hannu guda da ba a yi ba, kuma babu wanda ya buɗe baki ya faɗa min, kullum sai dai ace ana kan aiki, sai ranar da na rubuta wasiƙa na nemi a ba ni amsa a rubuce sannan aka zaro shi a gabana cikin minti biyar. Ranar na yi kuka, ba don kuɗin ba, don tunanin sau nawa na bar jaririya na fito a banza.

Ki fara da wajen aikinki, ba hukumar ba. Tunda sun ce sun tura, ki nemi su ba ki kwafin wasiƙar da suka tura da ita, da lambarta da ranar da ta fita. Kowane ofis yana da littafin da ake rubuta takardun da suka fita da waɗanda suka shigo, kuma masinjan da ya kai yakan dawo da sa hannun wanda ya karɓa. In sun nuna miki, shike nan kin sami makami, ki ɗauka ki kai wa hukumar kice ga ranar da kuka karɓa ga wanda ya sa hannu. In kuma suka fara kame-kame to kin gane takardar ba ta taɓa fita daga gidan ba, kuma gaskiya sau da yawa a nan gizo ke saƙa, ana ta zagin hukuma alhali takarda tana cikin durowar akawun wajen aiki.

Maganar ki sake sabon fom kuwa, ki yi hattara sosai. Ki sake, amma ki haɗa da 'yar gajeriyar wasiƙa cewa wannan madadin wanda kika kawo ne a rana kaza wanda aka ce ya ɓata, don kar a wayi gari a lissafa miki daga sabuwar ranar ace kin makara. Ki yi kwafi biyu na komai, ɗaya nasu ɗaya naki, naki a buga masa hatimi a rubuta kwanan wata da sunan wanda ya karɓa. Ki ɗauki hoton kowane shafi a wayarki. Asalin takardar haihuwa da ta likita kar ki bar su a hannun kowa, a gani a maido miki, fotokwafi ake bari. In ta intanet ake cikewa ki ɗauki hoton shafin ƙarshe da ya nuna lambar shaidar an karɓa, don ranar da aka ce netwok ya cinye ba ki da wata hujja sai ita.

Sannan ki sami ɗan littafi, duk zuwa ki rubuta rana, wa kika gani, me ya ce. Duk wanda ya ce miki a dawo gobe ki tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, yanzu fayil ɗin yana teburin wa, me ake jira, kuma yaushe zan dawo in same shi ya wuce nan? Tambayoyi ukun nan suna canja fuskar mutum, domin ya gane wadda ke gabansa tana lissafi.

In sati biyu suka wuce shiru, ki rubuta wa shugaban sashen, ki jera kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya ba zagi ba dogon labari, shafi ɗaya ya isa. In nan ma shiru, akwai na gaba da su. Yawancin ƙasashe suna da hukumar karɓar koke-koken jama'a a kan ma'aikatun gwamnati, a Najeriya tun 1975 aka kafa ta kuma kyauta take aiki, ga kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba ma'aikatar gwamnati kwana 7 ta amsa in an nemi bayani a rubuce. Ƙungiyarku ta ma'aikata ma ki sa ta a ciki, ai don irin wannan ake cirar kuɗin ƙungiya. Kuma tunda tiyata aka yi miki, ki rubuta takardar wakilci ki sa hannu ki haɗa da kwafin katin shaidarki, maigida ko wani ɗan uwa ya riƙa hawa benen nan a madadinki. Wanda ya ce ki haƙura, to ga inda zai taimaka.

TAMBAYA: Anti ni cikina wata biyar ne, na fari, ban san komai ba. Yaushe ya kamata in fara? Wata a wajen aikinmu tace in bari sai na haihu tukunna.

AMSA: 'Yata kar ki bi wannan shawarar, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi cinye haƙƙin mata a wannan harka wa'adi ne, kuma ba mai kiranki ya tuna miki. Dubi yadda yake a wurare: a Ingila dole ki sanar da wajen aikinki aƙalla sati 15 kafin satin da ake sa ran haihuwa, kuma akwai takardar da ungozoma ko likita ke bayarwa mai suna MATB1 wadda sai da ita ake biya. A Faransa tun kafin ciki ya wuce sati 14 ake son a kai sanarwa. A Kanada in kika wuce sati 4 da daina aiki ba ki nema ba kina iya asarar wani ɓangare na kuɗin. A Jamus kuɗin renon da suke kira Elterngeld wata 3 kacal ake biya na baya, in kin yi jinkiri sauran ya tafi. A Afirka ta Kudu kuma asusun inshorar rashin aiki, wato UIF, ya ba da wa'adin wata 12 daga haihuwa a nemi kuɗin. Kin ga kowa da nasa, shi ya sa zancen "wata ta ce" ba ya aiki a nan.

A Najeriya sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba da sati 12, shida kafin shida bayan haihuwa, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata 6 tana aiki a wurin, kuma hutun yana farawa ne da takardar likita mai rajista. Dokokin aikin gwamnatin tarayya na 2008 sun ba da sati 16 da cikakken albashi, amma sun ce a kawo takardar likita wata 2 kafin ranar da ake sa rai, sannan hutun shekara na wannan shekarar yana cikin lissafin, wadda ta riga ta cinye nata sai a cire mata kwatankwacinsa daga albashi. Mata da yawa a nan suke ganin albashi ya zo a gutsure su rasa dalili. An sake bitar dokokin a 2021, don haka ki nemi bugun da ofishinku ke aiki da shi yanzu ki karanta da idonki. Jihohi irin su Legas da Kaduna sun kai nasu wata 6. A Nijar sati 14 ne, 8 daga ciki bayan haihuwa, kuma asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, ne ke da ruwa da tsaki a biyan ma'aikatan kamfanoni. Gana sati 12.

Satin nan ki je sashen kula da ma'aikata kice a ba ki jerin takardun da ake buƙata a rubuce. Kuma tun yanzu ki bincika ko kuɗin da ake cira a albashinki yana isa asusun da gaske, don akwai wuraren aikin da suke cira ba sa zubawa, sai ranar biya ace sunanki babu. Gara ki gano yau da sauran ƙarfinki.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni namiji ne, matata ce ta haihu, ni nake bin takardun. An dawo mana da fom sau biyu wai sunanta na katin shaida da na banki ba ɗaya bane, a ɗaya akwai sunan mahaifinta a ɗaya kuma sunana ne, kuma harafi ɗaya ya bambanta a sunanta na farko. Wani a ofishin ya ja ni gefe yace in kawo ɗan wani abu zai wuce da shi a haka. Gaskiya na gaji har na fara tunanin in bayar.

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri, ba kowane miji ne zai tsaya haka ba. Amma kar ka bayar. Ban da haramcin abin, ba zai ma yi maka aiki ba, domin shi wannan mutumin teburinsa kaɗai yake iya tsallakar da kai, biyan kuwa kwamfuta ce ke haɗa suna da suna, in ta ga harafi ɗaya ya saɓa sai ta maido kuɗin, ka ga ka yi asara biyu kuma ba ka da bakin ƙorafi tunda ka san ta inda ka bi.

Gyaran tushe za ku yi. Ku zaɓi takarda ɗaya da za ta zama uwa, galibi katin shaidar ɗan ƙasa, sai a daidaita sauran da ita harafi da harafi har da jerin sunayen da ranar haihuwa. Yawanci gyara na banki ya fi sauri a kan gyara na gwamnati. In an nemi takardar rantsuwa daga kotu da ta nuna sunayen biyu na mutum ɗaya ne, ku yi, ku haɗa da takardar aure. Kafin nan ka rubuta wa ofishin cewa kuna kan gyara kuma kuna roƙon a riƙe ranar da kuka fara kawowa. Wani abu kuma, ka yi wa jaririn rajistar haihuwa yanzu in ba ka yi ba, a Najeriya kwana 60 doka ta ba da, a Ingila kwana 42, kuma ka tsaya a kan mai rubutawa ka duba yadda ya rubuta sunan uwar kafin ka bar wurin, kar a sake haifar wata matsalar. Kai ma ka duba naka haƙƙin, gwamnatin tarayyar Najeriya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 tun 2021.

TAMBAYA: Anti mu da muke sana'ar hannu ba mu da oga ba mu da albashi fa? Ni ɗinki nake yi, ranar da ban hau keke ba babu kuɗi.

AMSA: Ƙanwata tambayarki ta fi kowace ciwo a wurina, don ku ne mafi yawa kuma ku aka fi mantawa. Rahoton ILO na 2014 ya ce mata ma'aikata kusan miliyan 830 a duniya ba su da isasshiyar kariya lokacin haihuwa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu a Afirka da Asiya suke. Wasu ƙasashen sun buɗe ƙofa, a Ingila mai aikin kanta tana iya samun alawus har sati 39 in ta yi aiki sati 26 cikin sati 66 kafin haihuwa. Inda babu irin wannan, ki tambaya a wajen awo ko akwai tsarin inshorar lafiya ko tallafin masu ciki da ake shiga, ki yi rajista da wuri, ki riƙe katin awonki da kyau don shi ne shaidar da aka fi nema. Kuma duk wanda ya turo miki saƙo a waya wai ki biya kuɗin fom ko ki turo lambar sirrin katinki za a saka ki a tallafi, ɓarawo ne.

TAMBAYA: Anti na daɗe ina son rubutowa na kasa. Na haihu cikin wata tara amma yarinyar ba ta zo da rai ba. Kwana goma bayan nan aka kira ni daga wajen aiki wai tunda babu jariri babu hutu, in dawo ko a ɗauki wata. Na koma, ina zaune a kujera jini bai ma ɗauke ba, nono yana zuba. Ban nemi komai ba don kunya nake ji in je ina cike fom ɗin haihuwa ba ɗa. Shin ina da wani haƙƙi kuwa?

AMSA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar uwata Allah ya ba ki haƙuri, ya sa mai ceto ce, ya mayar miki da alheri. Na karanta saƙonki sau uku kafin na iya ɗaukar biro. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Abin da aka yi miki ba daidai ba ne. Kin haihu. Jikinki ya yi duk abin da jikin kowace mai jego ya yi, kuma sati 6 ɗin nan na bayan haihuwa da dokoki suka hana a sa mace aiki a cikinsu an sa su ne saboda mahaifa ta koma, jini ya tsaya, jiki ya warke, ba wai ladan zuwa da jariri ba ne. Dokar ƙwadagon Najeriya cewa ta yi kar a bar mace ta yi aiki cikin sati 6 bayan haihuwarta. A Ingila in ciki ya wuce sati 24 aka rasa ɗan, hutu da kuɗi duka suna nan kamar na kowa. A Afirka ta Kudu doka ta ambaci wannan hali da sunansa ta ba da sati 6, Indiya ma ta ba da sati 6 ko ɓari ne. Barazanar a ɗauki wata kuwa, yarjejeniyar ILO mai lamba 183 ta hana korar mace saboda ciki ko haihuwa, har ta ce mai aikin ne zai kawo hujjar cewa ba don haka ya kore ta ba, ba ita za ta kawo ba.

Ki fara komawa asibiti a duba ki, wannan ya riga komai, ki faɗa wa likita maganar jinin da ta nonon da kuma yadda zuciyarki take, kar ki ɓoye. Ki karɓi takardar da ta nuna ranar da kika haihu da watannin cikin da hutun da likita ya ga ya dace. Ki rubuta wa wajen aikin layi huɗu ko biyar, cewa kin haihu rana kaza, an kira ki rana kaza, kina neman ragowar hutunki da haƙƙinki, a buga hatimi a kwafinki. In kiran nan ta saƙo aka yi shi kar ki goge. In sun ƙi, ofishin ƙwadago da ƙungiyarku da kotun ma'aikata suna nan.

Fom ɗin kuma ba sai ke kika je ba. Ki ba wata 'yar uwa da kika yarda da ita ta cike ta kawo miki ki sa hannu kawai, ta kai, ta amsa tambayoyin da za a yi don kar a sa ki maimaita labarin a gaban ma'aikatan ofis. In kin samu hali ki sake rubuto min bayan kin ga likita, ina son in ji yadda jikin yake.